Suna ya tsaya, masu suna sun tafi: nazari a kan tituna 303 na Susan Hiller

Masu iya magana sun ce suna linzami ne. In haka ne, me za mu kira linzamin da dokinsa ya ɓace, amma yana nan rataye a bakin hanya, jama'a na wucewa ta ƙarƙashinsa safe da yamma ba mai ɗaga kai? Wannan ita ce tambayar da ke cikin wani aikin hoto da Susan Hiller ta yi a ƙasar Jamus daga 2002 zuwa 2005, wanda ta raɗa wa suna The J. Street Project. Aikin ya cancanci malamai da ƙungiyoyin raya al'adu su san shi, domin ya taɓo abin da kowane gari yake da shi, wato sunayen wurare, ya kuma nuna iyakar abin da hoto yake iya faɗi in an bar shi shi kaɗai.

An haifi Susan Hiller a Amurka a 1940, ta rasu a Landan a 2019, kuma a can Ingila ta yi mafi yawan aikinta. Ilimin nazarin al'ummomi da al'adunsu ta fara karantawa, daga baya ta bar shi ta koma fasaha. Amma ɗabi'ar wancan ilimi ba ta sake ta ba: tattara abubuwa, jera su, ba kowane lamba. A 2002, tana baƙunci a Barlin bisa gayyatar hukumar nan ta Jamus mai musayar masana da masu fasaha, DAAD, sai ta ci karo da allon wani titi an rubuta Jüdenstraße, ma'ana titin Yahudawa. Daga nan ta ɗaura niyyar nemo kowane titi, kowane lungu, kowace hanya a faɗin Jamus da sunanta yake ɗauke da kalmar Bayahude. Shekara uku tana yawo. Abin da ta dawo da shi: hotuna masu launi 303, da taswirar ƙasar, da jerin sunayen wuraren, da fim na minti 67, da littafi da ya fito a 2005.

Ƙa'ida ɗaya tak

Ƙa'idar aikin ba ta da wuyar faɗi. Duk inda sunan yake, a je a ɗauki hoto, kuma allon sunan ya fito a ciki. Ba a zaɓi wuri don kyansa ba, ba a bar wani don muninsa ba. Akwai Judengasse, lungun Yahudawa. Akwai Judenhof, farfajiyarsu. Akwai Judenberg, tudunsu. Akwai Judenweg da Judenpfad, hanyarsu da turbarsu. Wasu a tsakiyar tsofaffin birane suke, kusa da kantuna da coci. Wasu a unguwannin bayan gari, tsakanin gidaje masu shinge da motoci a ƙofa. Wasu kuwa a karkara, hanya ce kawai ta ratsa gonaki ko ta shige daji. Ana ganin lokacin ƙanƙara, ana ganin lokacin ganye. A fim ɗin kamara ba ta motsi, kuma babu mai ba da labari. Abin da kunne yake ji shi ne abin da wurin ya bayar: ƙarar mota, ƙararrawar coci, kukan tsuntsu, takun masu wucewa.

Wanda ya san tarihin ɗaukar hoto a Jamus zai tuna da Bernd da Hilla Becher, miji da mata da suka fara aiki tare a 1959. Su ne suka shafe shekaru suna ɗaukar hotunan gine-ginen masana'antu da manyan tankunan ruwa, irin waɗanda muke kira shato, suna jera su sahu-sahu a bango domin ido ya kwatanta. Hiller ta gaji wannan jeri, amma ta juya shi. Hotunan Becher baƙi da fari ne, ba mutum a ciki, kuma abin da ke maimaituwa shi ne siffar gini. A wurin Hiller, komai yana sauyawa daga hoto zuwa hoto: haske, yanayi, gini, mutane. Abu ɗaya ne ba ya sauyawa, shi ne kalma. Saboda haka mai kallo ba ya tsayawa yaba hoton, karatu yake yi. Da ya shiga sabon hoto sai idonsa ya kama neman allon, wanda ba kullum yake tsakiya ba. Kafin ya kai hoto na hamsin ya zama mai farautar kalmar nan a bangon gidajen mutane. Nan ne aikin yake da kaifi, domin an taɓa yin zamanin da hukuma take irin wannan farauta. A watan Oktoba na 1938 gwamnatin ƴan Nazi ta umurci a buga jan harafin J a fasfon kowane Bayahuden Jamus. Harafin da ke cikin sunan aikin yana tuna wannan tambari, ba tare da an ce komai ba.

Abin da shirun yake ɗauke da shi

A kunnenmu na yau, kalmar Yahudawa tana zuwa ne tare da labaran Gabas ta Tsakiya. Waɗannan tituna sun girmi wancan rikici da ɗaruruwan shekaru, kuma maganarsu ta maƙwabtaka ce. Akwai takardar Sarkin Rum Kwanstantin ta shekara ta 321 da ta ambaci Yahudawa a birnin Kolon. An gina wurin ibadarsu na Worms a 1034. A lokacin babbar annoba ta 1348 zuwa 1350 an zarge su da zuba guba a rijiyoyi, aka karkashe su a garuruwa da yawa. An kore su daga Barlin da kewayenta a 1510, aka sake korarsu a 1573, sai a 1671 aka yarda wasu iyalai su dawo. A 1933 yawansu a Jamus ya kai kimanin 500,000, wato bai cika ɗaya cikin ɗari na jama'ar ƙasar ba, kuma wajen 160,000 daga cikinsu a Barlin suke. Bayan shekara 12, ƴan Nazi sun hallaka Yahudawa kimanin miliyan 6 a faɗin Turai.

Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan alƙaluma a jikin hotunan. Hiller ba ta nuna gawa ba, ba ta nuna sansani ba, ba ta sa kiɗan makoki ba. Rayuwar yau da kullum ta nuna, tana gudana lami lafiya a ƙarƙashin allon. Bahaushe yana da kalmar kufai ga garin da mutanensa suka tashi, yana da kango ga gidan da rufinsa ya faɗi. Abin da ke cikin waɗannan hotuna bai dace da ko ɗaya ba, domin gidajen a cike suke, da labule a taga da fure a ƙofa. Kufan yana cikin sunan ne kawai. Ma'aikacin gidan waya yana karanta shi kullum a bayan ambulan, yaro yana rubuta shi a takardar makaranta, amma ya daina nufin kowa.

A ganina, ƙin yin sharhi da Hiller ta yi shi ne babban abin yabo a aikin. Jamus ba ta rasa wuraren tunawa ba. Akwai, alal misali, ƴan duwatsun nan masu fuskar tagulla da Gunter Demnig ya fara dasawa a daɓen bakin titi cikin shekarun 1990, kowane da sunan mutum ɗaya a ƙofar gidan da ya zauna kafin a tafi da shi. A 2023 aka dasa na 100,000. Waɗannan an yi su ne da niyyar tunawa, wanda ya tsaya a kansu ya san abin da ake so ya ji. Allunan Hiller kuwa ba wanda ya kafa su don juyayi. Ma'aikatar magajin gari ce ta kafa su don kada baƙo ya ɓata. Shaida ce da ba ta san tana ba da shaida ba, kuma irin wannan ta fi wuyar musantawa. Da ta ɗora musu dogon bayani, da ta mayar da su wa'azi, wa'azi kuwa ana iya jin sa a tashi a kakkaɓe riga.

Inda ƙa'idar ta gaza

Duk da haka, ƙa'idar da ta ba aikin ƙarfi ita ce kuma ta daure shi. Misali mafi kusa yana cikin Barlin ɗin kanta, inda ake da Jüdenstraße guda biyu. Dalili shi ne, a ranar 1 ga Oktoba 1920 aka haɗe tsohuwar Barlin da garuruwa 7, da ƙauyuka 59, da gandaye 27, suka zama birni ɗaya. Kowane gari ya shigo da sunayen titunansa, shi ya sa har yau sunaye da dama suke maimaituwa a birnin. Jüdenstraße ta farko tana tsakiyar gari, kusa da jan ginin magajin gari, kuma tana cikin tsofaffin titunan Barlin. Ta biyu tana Spandau, ɗaya daga cikin garuruwan da aka haɗe.

A 1938 ƴan Nazi suka cire sunan ta Spandau, suka sa mata Kinkelstraße, don tunawa da Gottfried Kinkel, marubuci ɗan juyin juya halin 1848 da aka taɓa ɗaurewa a garin. Yaƙi ya ƙare a 1945, amma sunan da ƴan Nazi suka sa ya zauna. Sai a ranar 1 ga Nuwamba 2002, bayan shekaru ana gardama, aka mayar da tsohon sunan, kuma a wurin bikin wasu daga cikin taron suka katse jawabin shugaban al'ummar Yahudawan Barlin da ihu. A shekarar da Hiller ta fara aikinta ke nan. To, a bisa ƙa'idarta, titunan nan biyu daidai suke: allo fari, rubutu baƙi, kalma ɗaya. Alhali kuwa allon Spandau sabo ne fil, an ƙwato shi ne bayan shekara 64. Wanda ya kalle shi a hoto zai ɗauka mantuwa ce ta bar shi a wurin, alhali rigima ce ta dawo da shi. Hoto ba ya iya raba sunan da aka manta ba a cire ba da sunan da aka yi faɗa aka maido.

Haka nan sauran. Wata Judengasse unguwa ce da aka tilasta wa mutane zama a cikinta. Wata kuwa lungu ne da suka taru da kansu kusa da wurin ibadarsu, tun kafin a fara kulle su. Judenweg ta karkara sau da yawa hanyar fatake ce, wadda dillalan shanu da ƴan koli suke bi daga ƙauye zuwa ƙauye, ko kuma hanyar da ake bi da gawa zuwa maƙabarta mai nisa, domin ba kowane gari ne ya yarda a binne Bayahude a ƙasarsa ba. Kurkuku, da unguwa, da hanyar kasuwa, da hanyar kushewa: jerin bango ya ba su girma ɗaya da murya ɗaya.

Na biyu, ƙa'idar ba ta ganin abin da aka goge. Lungun da ya fi kowane suna a tarihin Jamus shi ne Judengasse ta Frankfurt, wadda aka kafa a 1462. Tsawonta bai wuce mita 330 ba, amma ta taɓa ɗaukar mutum kusan 3,000. Ana rufe ƙofofinta da dare, da ranar Lahadi, da ranakun bukukuwan Kirista, har zuwa 1796 lokacin da igwar sojojin Faransa ta ƙone wani sashenta. Daga nan iyalin Rothschild suka fito. Amma tun 1885 aka sauya mata suna, don haka mai neman allo ba zai same ta ba. Sai a 1987, ana haƙa harsashin wani gini, aka tono tushen gidajenta, abin da ya kai ga buɗe gidan tarihi a wurin a 1992. Ashe lambar nan 303, wadda take kama da cikakken lissafi, ƙidayar allunan da suka tsira ce kawai.

Na uku, aikin ya kalli rashi ne kaɗai. Bayan 1990 dubban Yahudawa daga tsohuwar Tarayyar Sobiyet sun koma Jamus, kuma a yau al'ummominsu suna da mambobi wajen 90,000 a rubuce. Ba a waɗannan lunguna suke zaune ba, saboda haka ƙa'idar ba ta da inda za ta sa su. Baƙon da bai san ƙasar ba zai iya rufe littafin da zaton labarin ya ƙare ƙurmus.

Duk waɗannan suna komawa ga abu ɗaya. Mun saba cewa gani ya kori ji. A nan gani bai kori ji ba, jingina ya yi da shi. Shirun Hiller yana aiki ne a kan mai kallon da ya riga ya ji labari tun yana makaranta, shi ne zai cike gurbin da kansa. Ɗalibin lise a Tawa ko Maraɗi da aka miƙa wa littafin ba tare da darasi ba, tituna masu tsabta zai gani, da wata kalma da take ta dawowa. Ba laifin ɗalibin ba ne. Aikin ne aka gina shi a kan ilimin da yake wajen hoto. Abin lura shi ne Hiller ta koma ga kunne a wani aikin da ta yi bayan wannan, The Last Silent Movie, na 2007 zuwa 2008: allo baƙi ƙirin, ba hoto ko ɗaya, sai muryoyin masu magana da harsunan da suka mutu ko suke gab da mutuwa, da fassara a ƙasa. A ɗaya akwai suna ba murya, a ɗaya akwai murya ba fuska. Sai an haɗa su biyun ake gane cewa ta san abin da kowane ya rasa.

Daga bakin wa sunan ya fito?

Akwai tambayar da hotunan suke tayarwa wadda Bahaushe yake da abin cewa a kanta. Mutum ba ya kiran lungunsu lungun Yahudawa in shi Bayahude ne, gida yake ce masa. Maƙwabci ne yake raɗa irin wannan suna, yana nuni da yatsa daga waje. Shi ya sa sunan bai tafi tare da masu shi ba: tun asali ba a bakinsu yake ba, a bakin masu gari yake, su kuwa suna nan.

Mu ma muna da sunan da yake maimaituwa daga birni zuwa birni. Akwai Zango a Damagaram, a wajen ganuwar Birni, inda ayarin raƙuma yake sauka a da. Akwai Zongo a Yamai, akwai a Kumasi, da Akara, da Lome, da Kwatano. Ba ina kwatanta tarihin zango da abin da ya faru a Jamus ba ne. Kisan ƙare dangi ba shi da tsara a wannan magana. Abin da ya haɗa su shi ne kawai unguwar baƙi mai suna ɗaya a garuruwa da yawa. Bambancin kuma yana da daɗin nazari: a Kumasi ko Lome, kalmar zango daga harshen baƙin ta fito, fatake ne suka zo da ita a bakinsu, masu gari suka ara. Sabon Gari na Kano kuwa akasin haka ne, da harshen masu gari aka kira unguwar baƙi. Sa'an nan zango ma ya san tashi: dokar korar baƙi ta Gana ta 1969 ta kwashe mutane da yawa daga cikinsa, har da ƴan Nijar, kuma a 1977 aka rushe Zongon Lome aka mayar da mutanensa bayan gari. Mai ɗaukar hoton da zai bi sawun Hiller ya jera zanguna a bango zai gamu da matsalar da ta gamu da ita: suna ɗaya, labari daban-daban.

Zai kuma gamu da wadda ba ta gamu da ita ba. Aikinta ya yiwu ne domin a Jamus suna yana rataye a ƙarfe, yana cikin kundin hukuma. A garuruwanmu yawancin sunaye a baki suke. Ɗan kabu-kabu ba ya tambayar lambar titi, kwatance yake so: bayan tasha, kusa da shato, ƙofar gidan wane. Allon hukuma kuwa yana iya sauyawa rana ɗaya, kamar yadda aka gani a Yamai a watan Oktoba na 2024, lokacin da titin Charles de Gaulle ya koma titin Djibo Bakary. Sunan baki ba ya sauyawa da umurni, amma yana mutuwa tare da tsofaffin da suka san dalilinsa, kuma babu allon da kamara za ta kama.

Hukuncina a kan aikin Hiller shi ne: aiki ne babba, mai gaskiya, wanda ya san abin da ya ƙi yi. Ya gwada cewa haƙuri da ƙa'ida ɗaya suna iya fitar da abin da dubban jawabai ba su fitar ba. Amma tambaya ce, ba darasi ba, kuma wanda zai kai shi aji dole ne ya tafi da tarihi a ɗaya hannun. Ga malamin da yake so ya gwada irinsa da ɗalibansa, ƙa'idar tana da sauƙin aro: a zaɓi suna ɗaya, Zango ko Sabon Gari ko Tudun Wada, a ɗauki kowane daga nisa ɗaya, kada a zaɓi mai kyau a bar maras kyau. Sai dai a ƙara abin da ita ta bari da gangan. Kowane hoto ya zo da muryar dattijo ko dattijuwa ta unguwar, a tambaye su abu uku: wa ya raɗa sunan, su wa aka nufa da shi, kuma suna ina yanzu.